Yadda Na Harhaɗa Manhaja Daga Tushe Don Buga Waƙoƙin Ajami



Tambayar da ta fi yawan zuwa mini ta akwatin saƙo ita ce: "Na gama rubuta littafina, da me zan tsara shafukansa kafin in kai maɗaba'a?" Amsata kullum guda ce, Scribus. Kyauta ce, ba sai mutum ya je neman satacciyar manhaja ba, kuma tana fitar da PDF irin wanda injin ɗab'i yake so. To amma yau ba darasin tsara shafi zan yi ba. Labari zan ba ku na lokacin da abin da nake buƙata a cikin manhajar bai gama nuna ba, ni kuma lalura ta hana ni jira, sai da na ɗauko ta ɗanya daga hannun masu rubuta ta na dafa da kaina. Na san wani zai ce me ya haɗa marubuci da aikin 'yan kwamfuta. Ya ɗan yi haƙuri, zai ga inda suka haɗu.

Bari in fara da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Duk manhajar da kake saukewa ka danna ta buɗe, asalinta rubutu ne. Mutane ne suka zauna suka rubuta ta layi bayan layi, kamar yadda muke rubuta labari, sai dai da harshen da aka ƙirƙira domin ba injin umarni. Scribus da harshen C++ aka rubuta ta. Wannan rubutu shi ake kira tushen manhaja. Kwamfuta ba ta iya aiki da shi kai tsaye, sai an samu tafinta ya juya shi zuwa lambobin da injin yake ganewa, ya ɗinke gutsattsarin su zama abu guda. Tafintan shi ma manhaja ne, wanda ya fi shahara a Linux sunansa GCC. Wannan juyawa da ɗinkewa ita nake nufi idan na ce harhaɗawa.

Yawancin kamfanoni dafaffen kawai suke ba ka, tushen yana kulle a wurinsu. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa tushenta a fili yake. Wannan tunani ya samo ƙarfi ne daga aikin GNU da Richard Stallman ya sanar a Amurka a 1983, da lasisin GPL da ya biyo baya, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja, da karanta tushenta, da gyara ta, da raba ta ga wasu. Scribus a ƙarƙashin wannan lasisi take tun da wani Bajamushe mai suna Franz Schmid ya fara ta a 2001. Kada wani ya tsorata: lasisin manhajar ya shafa, bai shafi littafin da ka tsara da ita ba. Littafinka naka ne, ka sayar yadda ka ga dama.

Masu Scribus suna da reshe biyu. Akwai tabbataccen reshe wanda aka gama gwadawa, lambarsa ta biyu cika take, kamar 1.4 da 1.6. Akwai kuma reshen gwaji wanda ake kan aiki a kansa, lambarsa mara ce, kamar 1.5 da 1.7. An fitar da 1.4 a farkon 2012, aka fitar da 1.5.0 ta gwaji a 2015, amma tabbatacciya ta gaba, wato 1.6, ba ta fito ba sai farkon 2024. Ku lissafa da kanku. Shekara goma sha biyu ke nan tsakanin tabbatacciya da tabbatacciya. Wanda duk ya ce sai abu ya gama nuna zai taɓa shi, to ya sha zama.

Ni abin da ya hana ni zaman shi ne kawuna, yayan mahaifiyata. Tun yana saurayi yake rubuta waƙoƙi da ajami, na noma, na zumunci, na ta'aziyyar abokansa, duk suna cikin wata gafaka da ta sha jiki. A ƙarshen 2016 idonsa ya fara rauni, sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, tunda kai ne mai harkar littattafai a gidan nan, ina so in ga waɗannan a buge tun ina iya gani." Na ce, "To Kawu, sai mu mayar da su boko." Ya girgiza kai. Ya ce shi bai hana a sa boko domin yara ba, amma littafin da ba zai iya karantawa da kansa ba, ba nasa ba ne. Muka tsaya a kan ajami a shafi ɗaya, boko a shafin da ke fuskantarsa, baiti daidai da baiti.

Na zagaya maɗaba'u. Shawara biyu na riƙa samu: ko a ɗauki hoton rubutun hannunsa a buga haka nan, ko a bar ajamin gaba ɗaya. Hoton ba zai yiwu ba, domin tawadar wasu shafukan ta dushe, wasu kuma ɗigon ruwa ya taɓa su. Manhajar buga wasiƙa tana iya rubuta haruffan Larabci, amma jera ɗangogi su tsaya cak a kan layi ɗaya da na shafin da ke kallonsu aiki ne na manhajar tsara shafi. Wadda ake biya kuwa da dala ake biyanta duk wata, aljihuna bai kai can ba.

Scribus 1.4 ita ce a kwamfutata, ita kuma a lokacin an gina ta ne domin rubutun da ke tafiya daga hagu zuwa dama. Wanda ya yi makarantar allo ya san harafi guda yakan canza siffa gwargwadon inda ya faɗo: yadda yake a farkon kalma daban, a tsakiya daban, a ƙarshe daban, in ya tsaya shi kaɗai daban. Ga wasali bisa, ga wasali ƙasa, ga rufu'a, ga ɗauri, ga ɗigon yamala, kowanne da gurbin da zai zauna. Injin da bai san wannan ba sai ya jera maka haruffan a warwatse, kowanne shi kaɗai, kuma a juye. Ana cikin haka na ji labarin cewa wata tawagar masu rubuta manhaja daga ƙasar Oman, tare da Khaled Hosny na Masar wanda ya ƙera hannun rubutun nan mai suna Amiri, sun sake gina sashen rubutu na Scribus a kan wani inji da ake kira HarfBuzz. Sunan daga Farisanci yake, kuma "harf" ɗin da ke cikinsa shi ne dai harafin da muka sani. Aikin ya riga ya shiga reshen gwaji, amma ba a fitar da shi a dafe ba tukuna. Sai a cikin 2017 aka fitar da 1.5.3 da ke ɗauke da shi. Ni kuwa a farkon shekarar nake, idon Kawu kuma ba ya jiran kowa.

Ga yadda aikin yake, mataki bayan mataki, domin wanda wata rana zai tsinci kansa a irin wannan hali. Kwamfutata Ubuntu ce a kanta, kuma duk abin da zan faɗa a baƙin allon nan ake yinsa, inda ake rubuta umarni da hannu.

Na farko, ɗauko tushen. Masu Scribus suna ajiye shi a wani rumbu da ake sarrafawa da Subversion. Umarni guda ne, svn co tare da adireshin rumbun, sai fayiloli su fara sauka da dubbansu. Cikin dare na yi wannan, lokacin da data take araha. Abin da ya burge ni a nan shi ne kowane gyara da wani ya yi yana da lambarsa, da sunan wanda ya yi, da ranar, da ɗan bayanin dalili. Kana iya komawa ka ga yadda manhajar take a kowace rana ta rayuwarta. Na tuna yadda mu muke yi da rubutunmu: "littafi na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre", "na ƙarshe na gaskiya", har mutum ya rasa wanne ne wanne.

Na biyu, kayan haɗi. Babu manhajar da ke tsaye da ƙafarta ita kaɗai. Scribus tana jingina da Qt domin tagogi da maɓallai, da FreeType domin karanta zanen haruffa, da Cairo domin zana shafi, da LittleCMS domin launi, da Poppler domin shigo da PDF, da Hunspell domin duba kuskuren rubutu. Sabon sashen rubutun ya ƙara da HarfBuzz da ICU. A nan akwai abin da ke rikita sabon shiga. Za ka ga kayan yana kan kwamfutarka, amma a ce maka babu shi. Dalili kuwa, a Ubuntu da Debian kowane kayan haɗi kashi biyu ne: wanda ake amfani da shi yau da kullum, da wanda tafinta yake buƙata, wanda sunansa ke ƙarewa da -dev. Akwai umarnin apt-get build-dep da ke kwaso maka kayan haɗin manhaja a dunƙule, sai dai na tsohuwar da ke rumbun Ubuntu zai kwaso. Tsohuwar a kan Qt 4 take, sabuwar a kan Qt 5, saboda haka sauran sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, cmake. Wannan shi ne mai duba kayan miya kafin a ɗora tukunya. Kana buɗe jaka ta daban domin aikin, kada tarkacen harhaɗawa ya gauraya da tushen, sai ka kira shi. Zai leƙa ko'ina a kwamfutarka, abin da ya samu ya ce ya samu, in ya rasa wani abu na dole ya tsaya ya faɗi sunansa. Ka kawo abin, ka sake kiransa, ya wuce gaba ya tsaya a kan na biye. Haka muka yi ta yi da shi har ya gamsu. A wannan mataki ne kuma ake gaya masa inda za a girka manhajar, ta hanyar CMAKE_INSTALL_PREFIX. Ni wata jaka na nuna masa a cikin gidana na kwamfutar. Amfanin haka biyu ne: sabuwar ba za ta hau kan tsohuwar ba, kuma ba ka buƙatar ba ta ikon shugaban kwamfuta. In ta ƙi maka, ka share jakar, shi ke nan.

Na huɗu, make. Nan ne ake dahuwar. Layuka za su yi ta gudu a allo, kowanne da lambar kashi nawa cikin ɗari aka kai. In ka ƙara -j da lamba, zai raba aikin gwargwadon ƙwaƙwalen da injinka yake da su. Tawa tsohuwa ce, -j2 na ba ta, fankarta ta riƙa kuka kamar za ta tashi sama, sai da na ɗora ta a kan bulo biyu domin iska ta riƙa shiga ta ƙasa. An haura kashi sittin wuta ta ɗauke, batirin kuma dama sunansa kawai ya rage. Washegari na ɗauki kwamfutar zuwa shagon aski na wani abokina mai janareta, ina zaton daga farko za a koma. Da na sake rubuta make sai na ga ya tsallake duk abin da ya gama ya ɗora daga inda ya tsaya. Haka aka gina shi: yana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, wanda bai canza ba tun bayan juya shi ba ya maimaita shi. Kai ka ce da masu fama da wuta irinmu aka yi shawara.

Abu biyu zan ƙara a kan wannan mataki. Za ka ga gargaɗi barkatai suna wucewa, kada su ɗaga maka hankali, gargaɗi ba ya tsayar da aiki. Kuskure ne ke tsayarwa. In kuwa ya tsaya, kada ka tsaya kan layin ƙarshe, hau sama ka nemo kuskuren farko, domin sauran yawanci 'ya'yansa ne. Wanda ya taɓa gyara labarin da zarensa ya tsinke ya san wannan: matsalar da ta bayyana a babi na goma, a babi na uku aka haife ta.

Na biyar, make install, wanda bai ɗauki ko minti biyu ba. Na buɗe manhajar, na ja akwatin rubutu, na zaɓi tafiya daga dama zuwa hagu, na buga baitin farko na waƙar Kawu ta noma. Haruffan suka kama hannun juna, wasulan suka hau gurabensu. Na daɗe ina kallon allon, har mai askin ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya.

Saura hannun rubutu, abin da 'yan maɗaba'a ke kira font. Ajaminmu ba irin bugun ƙasashen gabas ba ne. A al'adar Warshu da muka gada, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. A hannun Kawu, tsa ita ce ɗa mai hannu da ɗigo uku a kanta. Duk waɗannan suna da gurbi a tsarin Unicode, amma ba kowane font ne yake ɗauke da su ba. Na yi amfani da Harmattan, wanda ƙungiyar SIL ta ƙera domin rubutun ajami na Afirka ta Yamma. Daga baya ƙungiyar ta fitar da wani mai suna Alkalami, wanda aka zana shi a kan irin hannun Kano mai kauri. Dukansu kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a buga littafin sayarwa da su.

Shafuka huɗu na fara bugawa a takarda da manyan haruffa na kai masa. Ya matso da takardar kusa da fuskarsa, ya bi layin da yatsa yana motsa baki. Can sai ya tsaya ya ce, "Ɗana, nan fa a waƙe ja ake yi, ka bar mini alif ɗina." A rubutun boko ba ma nuna tsawon wasali, shi kuwa ajami yana nunawa, kuma a nan ma'aunin waƙar yake. Wata uku muka yi a haka, ni ina bugawa shi yana dubawa. Kofi ɗari muka buga, aka raba wa dangi da abokansa. Ya karanta nasa da kansa.

To, reshen gwaji yana da ladubbansa, kuma masu shi ba su ɓoye ba. Ga waɗanda na riƙe:

Fayil ɗin da ka ajiye da 1.5 ba ya buɗuwa a 1.4. Saboda haka kada ka buɗe tsohon aikinka da sabuwa sai ka fara kwafe shi gefe.

Rubutun kansa ka ajiye shi daban a fayil na zallar rubutu. Shafi ana iya sake tsara shi, waƙa kuwa in ta ɓace ta ɓace.

In ka samu ranar da komai yake aiki, rubuta lambar gyaran da kake kai, ka tsaya a nan har ka gama littafin. Umarnin svn update yana kawo maka duk sabon abin da aka yi, mai daɗi da marar daɗi. Ba a canza doki a tsakiyar kogi.

Maɗaba'a PDF za ka kai musu, da haruffan a cushe a cikinsa. Ba ruwansu da irin manhajar da ka yi amfani da ita.

Yau ba sai kun sha wannan wahala ba kafin ku buga ajami, tunda 1.6 tana nan a dafe da duk abin da na faɗa. Reshen gwaji na yanzu shi ne 1.7, a kan Qt 6. Me ya sa to na ɗauke ku wannan dogon zango? Domin akwai abin da na fahimta a hanya wanda ya shafe mu duka, har da masu rubutun boko zalla.

Masu rubuta waɗannan manhajoji ba Hausawa ba ne. Ba ƙin mu suke yi ba, ba su san mu ba ne. Mutumin da ke zaune a Jamus ko Oman ba zai gane cewa ɗigon yamala ya goce daga gurbinsa ba, ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito da wani hannu daban da sauran haruffan kalmar, ko an raba 'y biyu a ƙarshen layi, ko ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa ta zama akwati. A idonsa komai lafiya lau. Lokacin da gyara ya fi sauƙi kuwa shi ne lokacin da abu yake ɗanye, masu aikin suna kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In manhaja ta fito tabbatacciya da matsala a kan haruffanmu, kun dai ga irin shekarun da ke tsakanin fitowa da fitowa.

Kai ƙorafi wurinsu kuma ba ya buƙatar ka iya rubuta manhaja. Kowane irin wannan aiki yana da wurin karɓar rahoton matsala. Abin da suke so ka faɗa kaɗan ne: lambar gyaran da kake kai, abin da ka yi mataki-mataki, abin da kake tsammanin gani, abin da ka gani a maimakonsa, sai ɗan ƙaramin fayil da hoton allo. Wannan ai aikinmu ne. Bayyana abu dalla-dalla yadda wanda bai gani ba zai gane, shi muke koyo kullum a nan. Turancin da ake buƙata bai wuce layi biyar ba, wanda bai iya ba akwai masu taimaka masa a cikinmu.

Ba na cewa kowa ya bar alƙalaminsa ya koma baƙin allo. A cikin ɗaruruwan da ke karanta wannan, in aka samu mutum biyu ko uku masu tsohuwar kwamfuta da ɗan haƙuri, sun wadatar. Su riƙa harhaɗa reshen gwaji lokaci-lokaci, su zuba masa shafi guda na boko mai cike da haruffa masu lanƙwasa, da shafi guda na ajami mai cikakken wasali, su ga abin da zai fito. Sauranmu kuma mu ba su shafukan gwajin.

Akwai gafakoki da yawa a gidajenmu, kuma masu su suna tsufa. Wanda yake da irin wannan ajiya a gida, ko yake son gwada harhaɗawar ya maƙale a wani mataki, ya rubuto abin da allon ya nuna masa, daga kuskuren farko, mu duba tare.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.